Igiya ta Uku

Kasuwar tufafin da ke titin Guangyuan ta yi shiru yanzu. Ba wai an daina ciniki ba ne, ana yi, sai dai a cikin waya ake yin sa. Lokacin da na fara zuwa garin nan, tun daga bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ake jiyo ƙarar salatif ana ɗaure diloli, da ƙarar amalanke, da muryoyin Kanawa da 'yan Maraɗi suna taya kaya, mai shago yana girgiza kai yana cewa meyo, wato babu da Sinanci. Yau sai ka ga yarinya tsaye gaban fitila, tana sa riga tana cirewa, tana yi wa waya surutu, shagon kuwa ba kowa. 'Yata ta biyu, wadda harkar ta koma hannunta, ta ce zuwan namu ma wahalar da kai ne, tana zaune a Kano za ta iya zaɓar komai. Ban musa mata ba. Gwiwata ma ra'ayinsu ɗaya.

A makon jiya aka yi ruwa da iska irin na garin nan, wanda yake hana a loda kwantena a tashar jirgin ruwa ta Nansha. 'Yar tawa ta hau bene duba kayan yara, ni kuma na zauna a shagon wata lauban, wato uwar shago a yarensu, da na sani tun gashinta yana baƙi. A can ƙurya, bayan diloli, mahaifinta yake wuni da butar shayinsa da wata 'yar talabijin. Ran nan wani tsohon fim na Turawa yake kallo, irin marar launin nan, baƙi da fari, an rubuta fassarar Sinanci a ƙasa. Turancina na ciniki ne, rubutunsu kuwa ko ɗigo ban sani ba, don haka ido kawai na ɗora don in rage zama. Sai na ga wani mutum da malafa da doguwar kwat ya shiga wurin cin abinci, ya zauna, ya ɗaga yatsu biyu. Aka kawo masa kofi biyu, alhali shi kaɗai ne. Ya tura ɗaya gaban kujerar da ba kowa, ya zauna yana kallon tururi, bai sha ko ɗaya ba. Na ja kujerata na matsa kusa. Ban taɓa ganin fim ɗin nan ba, a zamaninmu matar aure ba ta taka ƙofar sinima. Amma na san shi tun daga farko, domin maigidana, Allah Ya ji ƙansa, ya ba ni labarinsa har na gaji da ji.

A barikin 'yan sanda aka kai ni amarya. Ɗaki ɗaya da baranda, layi-layi, bangon kowa manne da na maƙwabcinsa, in mutum ya yi tari ana yi masa sannu daga ɗaki na uku. Begila ce take tashinmu, kafin rana ta fito kuma an fara jin takalma suna dukan ƙasa a filin fareti, da muryar Saje Manjo kamar ana yaga yadi. Famfo ɗaya ne ga layinmu duka. A nan na fara zama da Tibi da Angasawa da Barebari da Yarabawa, kowa da Hausarta, kowa da warin miyarta, kuma duk da faɗan layin ruwa, in ɗaya ta haihu sai ka rasa gane dangin mai jego. Aikinmu kakin miji ne. A dama sitacin rogo, a tsoma, a shanya, a yayyafa ruwa, a hura gawayi a dutsen guga, a fitar da kari har ya iya tsayuwa da kansa. Maɓallan tagulla da toka da lemon tsami ake goge su. Yanzu na ga kakin ma na roba ne, ana wanke shi da yamma a sa da safe. Matar Saje Manjo, wadda duk muke kira Mama, ita take horar da sababbin amare. Ta ce da ni kada in taɓa tambayar mijina inda aka tura shi, in dai duba takalminsa in ya cire, zan ga ko kasuwa ya je, ko daji, ko asibiti. Na bi maganarta, kuma takalmi bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Maigidana a lokacin kofur ne, igiya biyu. Mutum ne mai fara'a, yana waƙa in yana goge takalmi, da yamma kuma ana jin dariyarsa a gindin darbejiya wurin masu dara. 'Yar Malam yake kirana, saboda mahaifina malamin zaure ne. Ban san shi da fushi ba sai da abin mai facin nan ya faru.

An kashe wani ɗan kamasho a tashar motar da ke kusa da ofishinsu, da rana tsaka, a bayan rumfuna. Kowa a tashar ya san yaran wane ne suka yi, kowa kuma ya ce bai gani ba, domin ubangidan yaran mutum ne da manya suke zuwa gidansa cin abinci. Mutum ɗaya ne bai iya ƙarya ba, wani mai facin keke, ɗan wani ƙauye a bayan Maraɗi, wanda rumfarsa take daf da wurin. Shi ma bai ce ya gani ba, shiru kawai ya yi yana kallon ƙasa, daga nan maigidana ya gane. Ya dinga bin sa. Yau ya kai masa keke faci ko da ba ta yi komai ba, gobe ya kai masa goro. A ƙarshe ya kawo shi gidanmu cin tuwo. Siririn mutum ne mai ƙaramar murya, yatsunsa baƙi ƙirin da gam. Da ya gama ci ya nemi ruwa zai wanke kwanonsa da kansa, sai da na karɓe da ƙyar. Ina daga bayan labule na ji yana cewa shi baƙo ne, ba shi da kowa a garin nan, yana da mata da yara a gida suna jiran damina ta mayar da shi. Maigidana ya ce masa muddin yana sanye da kakin nan ba abin da zai taɓa shi, ya kuma rantse. Mutumin ya je ofis ya faɗi abin da ya gani.

Ba a kai ga zuwa kotu ba. Wata safiya yara suka ga gawa a kududdufin bayan tasha. Aka ce ruwa ne ya ci shi. Kududdufin nan a watan bai kai ƙugun babban mutum ba. Maigidana ya dawo da laka har saman takalmi, ya zauna a baranda bai cire ba, ni kuma ban tambaya ba. Daga baya na ji a bakin famfo cewa ya je wurin na gaba da shi har ya ɗaga murya, aka ce masa magana ta ƙare, ya je ya huta. Ba a daɗe ba aka kira sunansa a fareti, aka ƙara masa igiya. Matan layi suka shigo da guɗa, Mama ta kawo zare da allura ta ce al'ada ce matar mutum ta ɗinka da hannunta. Na ɗinka. Ya zama Saje.

Daga nan ne ya daina zuwa dara ya koma sinima. Akwai wata a bayan kasuwa, marar rufi, inda ake nuna na Indiya da na kaboyi, sai jefi-jefi a sako irin waɗannan tsofaffin na 'yan sandan Amurka da samari ba sa so, wai surutu ya yi yawa ba faɗa. A cikinsu, wannan da na gani a shagon lauban ne ya kama shi. Duk ranar da aka sa shi yana can, in an cire kuma sai ya je ya roƙi mai injin ya mayar. Washegari ina guga a baranda zai jingina da bango ya fara ba ni labari, kamar jiya bai ba ni ba. Wani ɗan sandan farin kaya ne a wani gari mai tashar jirgin ruwa, inda kullum ruwa ake yi. Yana da aboki mai sayar da jarida, wanda suke shan shayi tare kowace safiya, shi ne yake kawo masa labarin ɓarayin tashar. Sai aka kashe mai jaridar. Ɗan sandan ya gano wanda ya sa aka yi, ya kuma gano cewa shugabansa, wanda ya ɗauke shi aiki ya riƙe shi kamar ɗa, da shi ake raba ganimar. Ya yi shiru ya ci gaba da zuwa aiki. Barci ya ƙaurace masa, ya fara shan giya, matarsa ta kwashe kayanta, duk wanda ya shiga hannunsa kuma ya sha duka. Maigidana yakan tsaya a kan wurin kofi biyun nan ya daɗe. Yakan kwatanta mini yadda inuwar ƙarafan taga take faɗowa a fuskar mutumin, har ya ɗaga yatsunsa a gaban idonsa don in gane. In na tambayi ƙarshe sai ya ce mutumin ya ajiye musu bindigarsu da lambarsu a kan tebur, ya hau jirgin ƙasa ya tafi garinsu.

Giya dai bai sha ba, amma sauran duk na gan su. Abinci ya zama sai na yi da gaske. Yaranmu biyu a lokacin suka koyi yin shiru in sun ji takalminsa. Sannan labari ya fara zuwa famfo cewa hannun Saje ya yi nauyi. Ranar da aka kamo wani ɗan dako da ake zargi da satar buhun gero, aka ce sai da mutum uku suka janye shi daga kansa, kuma daga baya buhun ya fito a wata motar da aka loda shi bisa kuskure. Ya dawo da yamma hannunsa na dama a kumbure. Na dafa ruwa na gasa masa. Can ya ce ɗan dakon ko kuka bai yi ba, kallon ƙasa kawai yake yi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina tsaka da guga, sai ga shi ya shigo ba hula, ba bel. Ya tsaya ya dubi kakin da ke kan tabarma.

"'Yar Malam, kashe gawayin nan. Gugar ta ƙare."

Na juye gawayin a ƙasa na yayyafa masa ruwa. A bariki wanda ya ajiye aiki ba ya kwana da yawa a ɗakin hukuma, don haka kafin la'asar labari ya gama layi. Wasu suka ce asiri aka yi masa, wasu suka ce sinima ce ta taɓa masa kai. Mama ta zo ta zauna a bakin gadona ta ce ta ga irin wannan sau da yawa, mazan da suke fita haka ba sa komawa daidai, in kwashe yarana in tafi gida tun da sauran mutunci. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ce ma ta aika wa mahaifina.

Baba ya zo washegari a kan kekensa. Aka shimfiɗa masa tabarma a baranda, maigidana ya durƙusa a gefe, ni ina bakin ƙofa. Baba ya ce bai zo raba aure ba, amma mutumin da ba shi da aiki ba shi da ɗaki ba zai riƙe mace da yara biyu ba, zai tafi da mu har Allah Ya kawo mafita. Sannan ya tambaye shi dalilin da zai sa mai iyali ya yar da abincinsa bayan an ƙara masa girma. Maigidana ya amsa kansa a sunkuye.

"Baba, a kan tabarmar nan da kake zaune na rantse wa mutum. Ya ci tuwon gidan nan, ya yarda da ni, aka kashe shi. Igiyar nan ladan shiruna ce. Na gwada ɗaukarta, sai na ga a kan bayin Allah nake sauke nauyinta."

Baba ya juyo ya dube ni, abin da bai saba yi a gaban suruki ba.

"Ke fa?"

"Baba, ni na tuƙa tuwon."

Ban shirya maganar ba, kuma har yau ban san ko amsa ce ba. Baba ya ja carbinsa kaɗan, ya yi addu'a, ya hau kekensa. Kwana biyu bayan nan ya aiko da mai kura ya kwashe kayanmu zuwa wani ɗaki a gidan amininsa a cikin gari, a saman kayan kuma an ɗora turamen atamfa 'yan kaɗan, da saƙon in gwada sayarwa a gidajen biki. Mafarin kasuwancina ke nan. Daga gidajen biki zuwa rumfa, daga rumfa zuwa Kwatano, zuwa Dubai, har zuwa kujerar da nake zaune a kai ran nan a bayan diloli.

Abu na farko da maigidana ya yi bayan mun tare shi ne ya je tasha ya karɓi akwatin kayan aikin mai facin, wanda ke ajiye wurin wani mai shayi, ya hau babbar mota ya nufi Maraɗi. Ya yi ta tambaya har ya sami ƙauyen. Ya ce ya tarar da matar tana sussuka, ya ba ta akwatin, ya gaya wa dattawan gidan cewa ba ruwa ne ya ci ɗansu ba, ya gaya musu kuma cewa shi da kansa ne ya jawo. Na tambaye shi me suka ce. Ya ce sun ba shi fura, sun raka shi bakin hanya. Ya dawo ya yi barci kamar mai jinya. Waɗanda suka yi kisan ba abin da ya same su. Ubangidansu ya tsufa cikin daraja, ranar jana'izarsa sai da aka rufe titi. Maigidana ya yi gadi a wata ma'ajiyar gyaɗa, daga baya ya riƙe musu sito har ƙarfinsa ya ƙare. Bai sake ɗaga wa kowa hannu ba, ko yaransa. Waƙar da yake yi da dariyar dara kuwa ba su dawo ba, sinima ma bai sake zuwa ba har aka rushe ta aka yi shaguna. Mutanen unguwa suka ci gaba da kiran sa Saje, yana amsawa.

A shagon lauban na kalli fim ɗin har ƙarshe, tsohon yana zuba mini shayi a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ba mai jin yaren wani. Komai yana nan yadda aka ba ni, har inuwar ƙarafan taga. Ƙarshen ne kawai ba haka ba. Ba jirgin ƙasa. Mutumin ya tafi tashar jirgin ruwa shi kaɗai cikin ruwan sama, aka harbe shi a tsakanin akwatuna, malafarsa ta gangara cikin kwata. Shugaban nasa ne ya yi jawabi a wurin binne shi. Ban sani ba ko maigidana sauya shi ya yi saboda ni, ko saboda kansa, ko kuwa tashi yake yi kafin a gama. Ba wanda zan tambaya. Tsohon ya kashe talabijin, ya dube ni ya girgiza kai ya faɗi wata kalma, na ce masa haka ne. Ruwa ya tsagaita, 'yata ta sauko da samfurin rigunan yara tana mitar farashi.

Yana da rai na fara zuwa ƙasar nan. Da na koma daga tafiyar farko, yara suna ta tambayar dogayen gine-gine da abin da ake ci, shi kuwa ya bari sai da suka watse ya tambaye ni 'yan sandansu. Na ce yara ne ƙanana, tsaf-tsaf, suna tsayar da mu a hanya su duba fasfo, mu kuwa gabanmu na faɗuwa ko da takardunmu lafiya lau. Ya tambayi ko muna gaishe su. Na ce wa zai gai da mai neman fasfo.

"In sun tsayar da ke, ki gaishe su, 'Yar Malam. Mutum yakan wuni a kakin nan ba wanda ya yi masa sannu don Allah."

Ranar Juma'ar nan, mun fito daga masallacin Huaisheng muna gangarowa neman mota, wani ɗan sanda ya tsayar da mu a bakin titi. Ba zai wuce sa'an jikana na fari ba, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na miƙa masa fasfo, na ce ni hau, wato sannu a yarensu, sannan na yi masa gaisuwar da na koya wurin lauban, wadda suke yi wa junansu, ta ko ka ci abinci. Ya ɗago daga kan fasfon ya dube ni, ya waiwaya bayansa ko da wani nake. Sai ya yi 'yar dariya, ya taɓa cikinsa ya ce meyo. Ya miƙo mini fasfon da hannu biyu, ya shiga titi ya tsayar mana da motoci har na gama tsallakawa da gwiwata.